16 ga Agusta: Ranar da Ta Ɗauke Sarakunan Waƙa Uku da Sarauniya

A daren 23 ga Disamba, 1938, jama'ar da suka cika zauren Carnegie Hall a birnin Niyok sun ga abin da ba su saba gani ba. An ɗauko garmaho aka ajiye a tsakiyar dandamali, aka ɗora masa faifai, kowa ya yi tsit yana sauraron muryar wani saurayi da jitarsa. John Hammond, wanda ya shirya taron don fararen fatar birni su ji kiɗan baƙaƙen Amurka daga tushensa, ya so a ce saurayin ne da kansa ke zaune a wurin. Ya aika kudancin ƙasar a nemo shi, sai labari ya dawo cewa ai tun watan Agusta aka binne shi.

Sunan saurayin Robert Johnson. Ya mutu ranar 16 ga Agusta, 1938, kusa da garin Greenwood a jihar Misisifi, yana da shekara 27. Shi ne na fari a cikin mawaƙa huɗu da duniya ta naɗa wa sarauta kuma suka bar ta a wannan rana ta kalanda: shi sarkin kiɗan blues, Elvis Presley sarkin rock and roll a 1977, Nusrat Fateh Ali Khan sarkin ƙawwali a 1997, sai Aretha Franklin sarauniyar kiɗan soul a 2018. Wanda ya bi labarinsu ɗaya bayan ɗaya zai yi ta cin karo da tambaya guda: daga hannun wa waƙar ta fito, kuma aljihun wa kuɗinta suka shiga?

Johnson ɗan yankin gonakin auduga ne, inda jikokin bayi ke noma gonar wani a raba amfani. Bai zauna wuri ɗaya ba. Yau yana bakin kanti yana kiɗa ana jefa masa 'yan kwabbai, gobe ya hau jirgin kaya ya nufi wani gari, daren Asabar kuma yana gidan rawa a bayan gari. Son House, wanda ya girme shi a sana'ar, ya sha ba da labarin cewa tun Johnson yana yaro idan ya ɗauki jita sai mutane su roƙi a karɓe ta daga hannunsa. Ya ɓace na wani lokaci, ya dawo yana kiɗan da ya sa manya suka saki baki. Daga nan ne aka ƙulla almarar cewa ya je mararraba da tsakar dare ya sayar wa Shaiɗan ransa. Mai karatu ya san irin wannan magana, don a nan ma da wuya a sami gwanin makaɗi da ba a ce yana da aljanu ba. Abin da masu bincike suka gano ya fi almarar daɗin ji: ya tare ne wajen wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman, suna zuwa maƙabarta da dare su yi ta gwaji, saboda can ne babu wanda za su hana barci.

Waƙoƙi 29 kacal ya bari. An ɗauki wasu a wani ɗakin otal a San Antonio a watan Nuwamba na 1936, sauran kuma a Dallas a watan Yuni na 1937. An biya shi ladan ɗauka, shi ke nan, babu wani kaso daga cinikin faifai. Abokan yawonsa sun ce wani mai gidan rawa ne ya sa masa guba a kwalbar giya saboda kishin matarsa, ya yi kwanaki yana jinya kafin ya cika. Takardar shaidar mutuwarsa, wadda aka gano bayan shekara talatin, ta nuna ko likita bai duba shi ba. Har yau akwai duwatsun kabari guda uku a harabar coci uku, kowanne ɗauke da sunansa.

A 1961 kamfanin Columbia ya tattara waƙoƙinsa a faifai guda, da ƙarfafawar wannan Hammond ɗin. Faifan ya haye teku ya faɗa hannun samarin Ingila irin su Eric Clapton da Keith Richards, waɗanda suka sake rera waƙoƙin a gaban dubban mutane suka kuma yi arziki. Da aka fitar da cikakken tarin a 1990, an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Sai a 1998 kotu a Misisifi ta tabbatar da cewa wani tsohon direban tipa ɗan Johnson ne na cikinsa, kuma shi ne magajinsa. Shekara sittin ke nan bayan an binne uban.

Ranar ba ta mutuwa kaɗai ba ce. A ranar 16 ga Agusta, 1958, aka haifi mawaƙiya Madonna a garin Bay City na jihar Michigan. Kwana biyu kafin nan mahaifiyar Elvis Presley, Gladys, ta mutu a Memfis, ɗanta yana cikin kakin soja.

Shekara huɗu bayan haka, ranar ta zo wa wani saurayi a Liverpool da baƙin labari. Pete Best ya shekara biyu yana kaɗa wa ƙungiyar Beatles ganga. Da shi aka sha wahalar Hambog a Jamus, inda suke kwana a wani ɗaki bayan allon silima suna kiɗa har asuba. Mahaifiyarsa, Mona, ita ta ba su wurin wasa a ƙarƙashin gidanta tun ba wanda ya san su. A watan Yuni na 1962 suka je gwaji a kamfanin EMI a Landan, mai shirya faifai George Martin ya ce kiɗan gangar bai gamsar da shi ba. Ranar 16 ga Agusta manajansu, Brian Epstein, ya kira Best ofis ya shaida masa cewa sauran ukun sun yanke shawarar rabuwa da shi. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya zo ya faɗa masa baki da baki, kuma wannan ne abin da ya fi muni a lamarin. Bayan kwana biyu Ringo Starr ya hau kujerarsa, ranar 5 ga Oktoba faifansu na farko ya fito, kafin shekara biyu duniya duka ta san su. Best ya yi aikin loda burodi a mota, daga baya ya shiga aikin gwamnati ya shekara ashirin yana taimaka wa marasa aiki su sami abin yi. Sai a 1995, da aka fitar da tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar da gangarsa ke ciki, ya sami rabonsa mai kauri.

A 1969 ranar ta faɗo a Asabar, kwana na biyu na bikin Woodstock, inda mutane kusan 400,000 suka taru a gonar wani makiyayin shanu mai suna Max Yasgur a jihar Niyok, cikin ruwan sama da taɓo. Da rana wata ƙungiya da ko faifai ba ta fitar ba tukuna ta hau dandamali. Jagoranta Carlos Santana ne, ɗan asalin Meziko mai shekara 22, kuma ya zo da ganguna irin na Afirka da Kuba waɗanda yawancin matasan wurin ba su taɓa jin an haɗa su da jitar lantarki ba. Cikin abin da suka kaɗa akwai "Jingo", wadda asalinta kiɗan Babatunde Olatunji ne, ɗan ƙauyen Ajido kusa da Badagiri, da ya je karatu Amurka ya ɓuge da koya wa ƙasar sautin gangar Yarabawa. Da faifan Santana ya fito a ƙarshen watan, sunan wani daban aka rubuta a matsayin mai waƙar. Daga baya ne aka gyara.

Wannan matsala ta suna da haƙƙi ita ce ke bin labarin Elvis tun daga ranar farko. An haife shi a 1935 a Tupelo, a jihar su Robert Johnson, a gida mai ɗaki biyu, tagwaininsa ya zo babu rai. Ya tashi cikin waƙoƙin coci, da iyalin suka koma Memfis kuma ya riƙa yawo a titin Beale inda baƙaƙe ke kiɗansu. Direban motar wani kamfanin lantarki ne lokacin da ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Sun ranar 5 ga Yuli, 1954. An yi ta gwada waƙoƙi masu sanyi ba su yi ba. Lokacin hutu sai ya ɗauki jita ya fara wasa da wata waƙar Arthur Crudup, "That's All Right", da sauri fiye da yadda mai ita ya yi ta. Mai ɗakin, Sam Phillips, ya leƙo ya ce su koma farko. Da aka sa ta a rediyo mutane suka yi ta bugo waya, mai gabatarwa ya kira yaron ya tambaye shi makarantar da ya gama. Tambayar da manufa aka yi ta: makarantu a ware suke a lokacin, sunan makarantar kaɗai ya isa ya shaida wa masu sauraro cewa farar fata ne ke wannan waƙa.

Adalci shi ne a faɗi cewa Elvis bai ɓoye inda ya sha ruwa ba. Ya ambaci Crudup da bakinsa, ya kuma girmama Fats Domino a bainar jama'a. Amma ambato ba ya cika tukunya. Crudup ya ƙare yana aikin gona a Bajiniya, ya yi ta neman haƙƙinsa wajen kamfanoni har ya mutu a 1974 bai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi kansa Elvis yana da nasa gardin. Manajansa, Kanar Tom Parker, wanda ba kanar ɗin soja ba ne kuma ba Tom Parker ne sunansa na yanka ba, ɗan ƙasar Holan ne da ya shigo Amurka babu takardu. Shi ya ƙulla cinikin da kamfanin RCA ya sayi kwantiragin Elvis kan dala 35,000 a 1955, kuɗin da ba a taɓa biya kan mawaƙi irinsa ba. Shi kuma ya tura shi yin finafinai 31, yawancinsu marasa nauyi, a shekarun da ya kamata muryarsa ta fi aiki. Kason Parker ya yi ta hauhawa har ya kai rabi a wasu cinikayya. A 1973 ya sayar wa RCA haƙƙin dukkan tsofaffin waƙoƙin kan dala miliyan 5.4. Ban da garuruwa uku na Kanada a 1957, mawaƙin da ake sauraro daga Tokiyo har Legas bai taɓa yin wasa a wajen Amurka ba, kuma da yawa na ganin rashin fasfon manajan ne sanadi.

Daga 1969 zuwa 1977 ya yi wasa fiye da sau 1,000. Jiki ya gaji, sai ƙwayoyi: na barci, na farkawa, na kashe zafi. A watanni takwas na farkon 1977 kaɗai likitansa, George Nichopoulos, ya rubuta ƙwaya fiye da 10,000 da sunansa. Wasansa na ƙarshe shi ne na Indianapolis ranar 26 ga Yuni. Daren 15 ga Agusta ya je wajen likitan haƙori, ya dawo gidansa na Graceland ya buga ƙwallo da 'yan uwa kafin asuba, ya ɗan zauna a gaban fiyano. Washegari da yamma jirgi ke jiransa don fara sabon zagaye a jihar Maine. Da misalin ƙarfe biyu na rana budurwarsa Ginger Alden ta same shi kwance a ƙasa a banɗaki. Ƙarfe uku da rabi asibitin Baptist Memorial ya tabbatar da mutuwarsa, yana da shekara 42. Mutane kusan 80,000 suka jeru a bakin titi ranar jana'izarsa. Bayan wani yunƙurin sace gawar, aka mayar da kabarin cikin harabar gidan, inda har yau dubban mutane ke zuwa da kyandir kowane daren 15 ga Agusta.

Shekara ashirin cif bayan haka, a asibitin Cromwell da ke Landan, Allah ya yi wa Nusrat Fateh Ali Khan rasuwa yana da shekara 48. Mako biyu ke nan da mutuwar Fela Anikulapo Kuti a Legas, don haka watan Agustan 1997 ya ci manya biyu.

Cikin mutum huɗun nan, Nusrat ne Bahaushe zai fi saurin gane inda ya dosa. Ƙawwali, daga kalmar Larabci "ƙauli", waƙar Sufaye ce ta zikiri da begen Annabi (SAW) da yabon waliyyai, wadda ake danganta tsarinta ga Amir Khusrau na birnin Delhi, almajirin Shehu Nizamuddin Auliya na ɗariƙar Chishtiyya, tun ƙarni na 13. A ƙasa ake zama, sahu biyu. A gaba jagora ne da masu harmoniya, wani ɗan akwatin kiɗa da ake hura masa iska da hannu ɗaya ana danna shi da ɗayan. A baya mai tabla da 'yan amshi masu tafi. Akan ɗauki baiti guda a yi ta juya shi, a ɗaga, a sauke, a sake ɗagawa, har rabin sa'a ko fiye, sai ka ga wani dattijo ya miƙe cikin shauƙi yana hawaye, wani kuma ya zo yana liƙa kuɗi. Duk wanda ya taɓa kwana a wajen maulidi ana kaɗa bandiri ya san wannan yanayi.

An haife shi a 1948 a Lyallpur, wadda yanzu ake kira Faisalabad, a gidan da ya gaji ƙawwali kimanin shekara 600. Mahaifinsa, Fateh Ali Khan, ya so ɗan ya zama likita ko injiniya, domin ya san yadda ake raina mawaƙi ko da ana son waƙarsa. Yaron ya riƙa laɓewa yana sauraron darasin da ake ba almajirai. Uban ya rasu a 1964, kuma a wajen sadakar arba'in ɗinsa ne Nusrat ya fara buɗe murya a gaban jama'a. A 1971 ya karɓi jagorancin ƙungiyar gidan. Kaset ne ya fara fitar da shi waje: wani kamfanin 'yan Pakistan a Birmingham, Oriental Star Agencies, ya riƙa buga waƙoƙinsa yana sayar wa 'yan ci-rani. A 1985 ya hau dandamalin bikin WOMAD a Ingila, daga nan mawaƙi Peter Gabriel ya jawo shi kamfaninsa na Real World. Turawa da Japanawa da ba su jin Urdu ko Punjabi ko Farisanci suka riƙa cika zaure suna zaune sa'o'i. Mutum ne mai jiki sosai, sai an kama shi yake miƙewa, amma idan ya zauna ya ɗaga hannu yana zana sautin a iska, muryar kan haura inda ba a zaci ƙirjin mutum zai kai ba.

Wasu malaman fannin sun zarge shi da sassauta al'ada lokacin da ya haɗa murya da kayan kiɗan lantarki a faifan Mustt Mustt na 1990. Zargin bai yi masa adalci ba, domin bai taɓa barin zaman hubbare ba, kuma sabbin masu sauraron da yawa ta wannan ƙofa suka shiga har suka kai ga na asalin. Masu shirya finafinan Indiya ne suka ci amanarsa, suna ɗaukar karin waƙoƙinsa su ɗora wa kalaman soyayya ba izini ba lada. Fitacciyar waƙar fim ɗin Mohra na 1994 daga karinsa aka ɗebo ta. A Kano kuwa hanyar ta juya da baya, inda masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya ke ɗauko karin finafinan Indiya su mayar da shi begen Manzo. Ciwon suga da na ƙoda da hanta suka taru a kansa. Yana kan hanyar zuwa Amurka don dashen ƙoda ne jikin ya tsananta a Landan. An kai gawarsa Faisalabad, ɗan ƙaninsa Rahat ya ci gaba da sana'ar gidan.

Aretha Franklin ita ma a ɗakin ibada ta koyi waƙa. A Memfis aka haife ta a 1942, amma a Detroit ta tashi, inda mahaifinta C. L. Franklin yake limancin cocin New Bethel, mai wa'azin da ake sayar da huɗubobinsa a faifai. Mahalia Jackson da Sam Cooke da Martin Luther King duk baƙin gidansu ne. Mahaifiyarta ta mutu tana gab da cika shekara goma. Tana da 14 aka fara ɗaukar muryarta a coci, tana da 18 kuma wani mutum ya ji ta ya ɗauke ta a kamfanin Columbia. Mutumin nan John Hammond ne, wanda ya ɗora garmaho a dandamali shekara 22 da suka wuce.

Shekara shida Columbia tana sa ta waƙoƙi masu laushi da ba su dace da ita ba. Da ta koma kamfanin Atlantic, mai shirya faifai Jerry Wexler ya yi abu mai sauƙi: ya zaunar da ita a gaban fiyano ya ce makaɗa su bi ta. Ranar 14 ga Fabrairu, 1967, ta ɗauki "Respect", waƙar Otis Redding wadda a bakinsa magidanci ne ke neman girmamawa idan ya dawo gida. Ita da 'yan uwanta Erma da Carolyn, waɗanda suka yi mata amshi, suka juya ta ta zama muryar mace mai neman haƙƙinta. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, masu fafutukar 'yancin baƙaƙe da mata suka ɗauke ta tamkar taken gwagwarmaya. Sai dai dokar ƙasar ta ce gidan rediyo marubucin waƙa yake biya, ban da wanda ya rera. An sa waƙar sau miliyoyi a rediyo, ita ba ta sami ko sisi daga nan ba.

Ta yi waƙa a jana'izar King a 1968. A 1970 ta fito fili ta ce a shirye take ta biya belin 'yar gwagwarmaya Angela Davis, tana mai cewa kuɗinta daga hannun baƙaƙe suka fito. A 1972 ta koma coci a Los Angeles ta ɗauki faifan Amazing Grace, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan biyu. A 1987 ta zama mace ta farko da aka shigar zauren karrama mawaƙan rock and roll, shekara guda bayan an shigar da Elvis da Robert Johnson. Ta ci kyautar Grammy 18.

Tun tana yarinya ta ga yadda ake cinye wa mawaƙa baƙaƙe guminsu, don haka ta kafa ƙa'ida: a biya ta kuɗi a hannu kafin ta buɗe baki. Takan zuba su a jaka, jakar kuma ta hau dandamali tare da ita. A watan Disamba na 2015, a zauren Kennedy da ke Washington, ta fito sanye da doguwar rigar gashi, ta ajiye jakarta a kan fiyano, ta zauna ta fara kaɗawa tana da shekara 73. Kafin ta kai tsakiya Shugaba Obama yana share hawaye. Da ta miƙe ta zame rigar ta yar a ƙasa, zauren duka ya tashi tsaye.

Ta mutu a gidanta a Detroit da safiyar 16 ga Agusta, 2018, bayan fama da ciwon daji, tana da shekara 76. Ranar ce Madonna ta cika 60. Motocin Cadillac masu ruwan hoda fiye da ɗari suka jeru a gaban cocin da aka yi jana'izarta. Bayan wata biyu aka sa hannu a wata sabuwar doka da ta tilasta wa masu yaɗa kiɗa ta intanet su biya mawaƙan da aka ɗauki muryarsu kafin 1972.

Da farko an ɗauka ba ta bar wasiyya ba. A 2019, ana kwashe kayan gidanta, aka sami wasu takardu a cikin kabad a kulle, aka kuma sami wani littafin rubutu a ƙarƙashin kushin ɗin kujerar falo, shafi huɗu da rubutun hannunta, da goge-goge da ƙarin bayani a gefe, ɗauke da kwanan watan 2014. A watan Yuli na 2023 masu taya alƙali shari'a a jihar Michigan suka yanke cewa na ƙarƙashin kushin ɗin ne wasiyyarta. A ciki ta rubuta yadda 'ya'yanta za su raba gidajenta da kuɗin da waƙoƙinta ke ci gaba da kawowa.